Sa hannun makaniken jirgin sama tsakanin ƙaddara da alhaki

Jirgin sama ba ya komawa aiki bayan gyara sai injiniya mai lasisi ya sa hannu cewa ya cancanci tashi. Duk horon da ake ba mai wannan sana'a shiri ne na wannan sa hannun. A Najeriya da yawa suna bi ta Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, wasu kuma ta rundunar sojan sama. Ɗalibi yakan ɗauki fannin gangar jiki da inji, ko na lantarki da na'urorin tuƙi, ya yi aiki ƙarƙashin ƙwararru, ya ci jarrabawar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa (NCAA), sannan ya nemi izini a kan kowane samfurin jirgi daban. A Amurka, wanda ya koya a bakin aiki sai ya cika wata 30 kafin ya zauna jarrabawar gangar jiki da ta inji a haɗe.

A mahangar shari'a sa hannun shaida ce, kuma ba a shaida sai a kan abin da aka sani. Fasinja bai ga cikin inji ba, matuƙi ma takarda yake dubawa. Shi ya sa koyon sana'ar ya shiga sahun farillan kifaya, kamar yadda Imam Gazali ya lissafa likitanci da sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su.

Tambayar ƙaddara da alhaki takan taso ne bayan hatsari, idan aka ce kwanan mamatan ne ya ƙare. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato, ya kama da wuta, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an lura da haka kafin tashi, aka bar jirgin ya tafi don gudun jinkiri. Musulmi ba ya shakkar cewa ajalinsu ya zo. Amma malaman Sunna ba su yarda a kafa hujja da ƙaddara don kare sakaci ba: ita tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba ta sauke nauyi daga wanda ya ga aibi ya yi shiru. Mazhabar Malikiyya ma ta ɗora wa masu sana'a biyan abin da ya lalace a hannunsu, don kare dukiyar jama'a, rai kuwa ya fi dukiya nesa ba kusa ba.

Akwai iyaka. Wanda ya bi littafin kamfanin da ya ƙera jirgin, ya auna, ya rubuta gaskiya, sai ɓoyayyen aibi ya bayyana daga baya, ba shi da zunubi. Abin da ya fi wuyar koyarwa a aji shi ne ƙin sa hannu a lokacin da shugaba ke matsa lamba kuma fasinjoji suna jira; almajiri yakan koye shi ne idan ya ga maigidansa a wurin aiki ya ƙi.