Adalcin Faranti da Kawaicin Akushi

Na daɗe ina tambayar kaina wanne ya fi tarbiyyantar da yaro: farantinsa shi kaɗai, ko akushin ciyayya? Faranti yana raba tuwo daidai, babu mai cutar wani. Amma inda yara suka kewaye akushi ɗaya na tuwon dawa da miyar kuka, kowa gabansa yake ci, ba a taɓa nama sai an raba, babba kuma yakan tsame hannu da sauran yunwarsa domin ƙaninsa ya suɗe. Gaskiya ne mai nawar ci kan tashi bai ƙoshi ba. Duk da haka, a ganina, wanda aka auna wa rabonsa tun farko ya rasa damar barin wani abu domin ɗan'uwansa, kawaici kuwa sai da wannan dama ake koyonsa.