Tambarin Ruwa da Mas'alar Janye Hannu

A shekarar 1953 kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da samfurin jirgin yaƙin nan Spitfire, gutsattsarin roba waɗanda mai saye zai harhaɗa da hannunsa bisa ma'aunin ɗaya cikin 72, ta yadda jirgin da fikafikansa suka kai ƙafa 36 da inci 10 ya koma abin da bai wuce inci 6 ba sai kaɗan. Wasa ne, babu shakka, kuma jirgi ba mai rai ba ne balle a tayar da maganar sura. Amma a ƙarshen wannan aiki akwai wani mataki da ya cancanci nazarin mai hankali, shi ne liƙa tambari, wato da'irorin ja da fari da shuɗi na mayaƙan saman Ingila, da lambobin da ke jikin jirgin.

Shi wannan tambari ana buga shi ne a kan wata fata siririya ƙwarai, wadda aka shimfiɗa bisa takarda mai gam da ruwa ke narkarwa. Mai aiki zai yanko shi, ya tsoma cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, ya ajiye har gam ya saki, sa'an nan ya kai takardar bisa fiffike da hantsaki, ya zamar da tambarin da jiƙaƙƙen buroshi, ya danne a hankali da auduga don ruwa da iska su fita. In ya yi gaggawa tun gam bai saki ba, fatar ta yage. In kuwa ya manta da ita cikin ruwa, gam ya wanke, ta naɗe kamar tabarma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana zuwa ne bayan wannan. Da yake jikin jirgin yana da tsagi da kawunan ƙusoshi, akan shafa wa tambarin wani ruwan magani, irin wanda ake kira Micro Sol, domin ya yi laushi ya bi kowane lungu. To da zarar maganin ya kama shi sai ya yamutse, ya takure, ya yi muni har mai kallo ya tabbata aiki ya ɓaci, alhali kuwa wannan yamutsewar ita ce alamar maganin yana aiki, kuma in aka ƙyale shi ya bushe zai miƙe da kansa ya kwanta lif, sai ka ce da fenti aka zana shi. Sabon shiga ba ya iya jure wannan gani. Yakan kai yatsa don ya gyara, kuma a nan ne fatar, wadda ta riga ta narke rabi, take tsinkewa.

Malaman tasawwufi sun daɗe suna bahasi a kan irin wannan matsayi na janye hannu. Shaihu Ibn Aɗa'illahi na Iskandariyya, mai littafin Hikam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya keɓe littafi guda, Attanwir, ga mas'alar barin tadbiri, wato bawa ya daina kokawa da Ubangijinsa wajen tsara al'amura. Malalata sun so su mai da irin wannan magana hujjar zaman kashe wando, kuma a ganina teburin mai haɗa jirgi ya isa ya ƙaryata su. Domin akwai wata illa da ke bayyana bayan bushewa, inda gefen tambarin yake yin fari yana ƙyalli kamar azurfa, kuma sababinta iska ce da ta maƙale cikin ƙananan ramukan fenti mai kaushi, saboda mai aikin ya yi kasala bai shafa man sheƙi ba tun farko. Wannan ba ƙaddara za a zarga ba. Wanda ya janye hannu kafin ya cika sabubba ya yi sakaci, wanda kuma ya kasa janyewa bayan ya cika su ya wuce haddi, kuma wahalar duka tana ga gane lokacin, abin da ba a samu sai da ilimin sana'ar.

Saura mas'alar tsohon tambari, wanda ya shekara talatin ko arba'in cikin kwali, ya yi rawaya, ya bushe, har yana taɓa ruwa ya tarwatse gutsi-gutsi komai lallaɓawar mai shi. Wani zai ce nan kam babu laifin kowa. Ban yarda ba ɗungurungum, don gwanaye sukan fara gwada wani tambarin da ba su bukata daga takardar, in ya fashe su shafa wa sauran wani ruwa da ke bushewa ya zama sabuwar fata. Wanda ya san da wannan dabara, ya tsoma tambarinsa ba tare da gwaji ba, ba shi da uzuri.