An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin motoci waɗanda hutunsu duk a gareji yake ƙarewa. Mutum zai samo gangar mota ta shekarun 1950 ko 1960, ya sauke injinta da ya gaji, ya dasa mata wani mai jini a jika. Ɗaya daga cikin injinan da aka fi ɗauka don wannan aiki shi ne ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955, musamman samfurin 350 da ya biyo baya a 1967. Yana da yawa, yana da araha, kuma kayan wata shekara sukan shiga jikin na wata shekarar ba gardama. Wannan sauƙin kan nasa shi ke jefa mutane a rami.

Zaunar da injin a mazauninsa aikin yini ne. Rigimar tana gabansa, a ɗan filin da ke tsakaninsa da lagireto, inda famfon ruwa yake. Ƙarfe ne mai ƙafa biyu, ana ɗaure shi a ƙirjin injin da bolti huɗu. A cikinsa akwai 'yar farfela mai tura ruwa ya zaga injin ya kwaso zafi, a hancinsa kuma ake ɗaura fuli da fanka. Ta fuskar tsawo, iri biyu kamfanin ya ƙera. Gajeren, daga inda ya manne da injin zuwa fuskar da fuli ke zama, inci 5 da 5/8 ne, dogon kuwa kusan inci 7. Bambancin bai kai inci ɗaya da rabi ba. Kowanne zai hau ramuka huɗun nan daram, kuma ba zai yi yoyo ba. Masu sana'ar sukan gane su da hannu: in yatsu suka shige tsakanin bayan famfon da murfin da ke gaban injin, dogo ne, in sun kasa shiga, gajere ne.

A 1969 ne yawancin ƙananan motocin kamfanin suka koma dogon, kuma ba shi kaɗai ya yi ƙaura ba. Altaneta da ke zaune a ɓangaren direba ta koma ɗaya ɓangaren. Ƙarafan da ke riƙe ta, da masu riƙe famfon sitiyari, duk aka sake musu siffa. Aka kuma huda ramukan bolti a goshin kawunan injin domin su sami wurin kamawa. Tsofaffin kawunan sumul suke, ba rami ko ɗaya. Sai ka ga mutum tsaye da maƙalin altaneta a hannu, yana juya shi sama da ƙasa, yana neman ramin da ba a taɓa hudawa ba.

Wannan ma da sauƙi, tunda abin ya ƙi shiga tun farko. Abin lura shi ne ranar da komai ya shiga. An sayo famfo daga nan, fuli daga can, maƙali daga wurin masu yanka motoci, an cusa washa biyu uku a bayan wani bolti, an ɗaure tamau. A ido komai ya yi kyau. Amma fulin da ke ƙasan injin da na famfo da na altaneta dole kwarinsu ya zama a layi ɗaya, domin fanbel guda ne ke zaga su. In ɗaya ya ɗan leƙo gaba, ɗaya ya ɗan noƙe baya, fanbel ɗin zai riƙa lanƙwasa gefe duk zagaye, sau dubbai a cikin 'yan mintoci.

Da farko ƙara yake yi da safe, siririya mai shiga kunne. Sai baƙar ƙurar roba ta fara taruwa a jikin altaneta. Gefen fanbel ɗin ɗaya ya yi sheƙi, zaren cikinsa ya fara leƙowa. Ranar da aka taka mota sosai sai ya kife ko ya fice gaba ɗaya, caji ya tsaya, ruwa ya daina zagawa, allurar zafi ta haura. Mai mota ya buɗe bonet, ya ɗago tsinkakkiyar robar, ya ce jabu aka sayar masa. Ya sayo mai tsada, ya ƙara ja masa wuya don kada ya sake ficewa. Jan nan kuma boris ɗin famfon yake ci, har wata rana ruwa ya soma ɗiga ta ɗan ramin da ke ƙarƙashinsa.

Famfo da fuli da maƙalai duk ƙarfe ne, fanbel kaɗai ne mai taushi. A tsarin da Allah ya yi wa abubuwa, mai taushi shi ke fara nuna ciwo, ƙarfe kuwa shiru yake yi ko a karkace yake. Shi ya sa idon mutum ke sauka a kan wanda ya yi kuka.

Haka take faruwa a ma'aikatar da aka kawo wa sabon shugaba daga wani wuri. Ya zo da ƙarfinsa da tsarin da ya saba, mataimakansa suna kan tsarin da ya tarar, kowa ya kafe a kujerarsa, ana gaisawa da fara'a. Magatakardan da ke kai takarda tsakaninsu shi ke lanƙwasa kullum. Wannan ya ce masa kaza, wancan ya ce ba haka ba, in aiki ya lalace a ce ba shi da kai, a sauya shi. Wanda ya gaje shi ma ba ya daɗewa. Haka yaron shagon da 'yan'uwa biyu suka haɗa jari ba su haɗa baki ba. Haka ɗan da uwa ta ce je ka, uba ya ce zauna, daga baya a taru a ce yaron ba ya jin magana. An bar jaki ana dukan taiki, kuma abin mamaki, manyan nan babu mugu a cikinsu. Gajeren famfo lafiyayye ne, dogon ma lafiyayye ne, kowanne da dangin ƙarafan da aka ƙera shi tare da su.

Akwai matsalar famfo da ta fi wannan ɓoyewa. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin ya koma fanbel guda mai faɗi da ke bin dukkan fuli, yana taɓa na famfo da bayansa mai santsi, don haka famfon baya-baya yake juyawa, an kuma juya haƙoran farfelarsa su dace da hakan. Daga waje da ƙyar ake bambanta shi da na da. In aka ɗaura shi a tsohon tsari zai yi ta gudu ba ƙara ba yoyo, amma ruwan ba ya tafiya yadda ya kamata, injin na dahuwa a hankali. Irin ma'aikacin nan ne da ba ya makara ba ya fashi, an dai ajiye shi inda ba nasa ba.

Gogaggun makanikan Amurka kan ciro famfo da fuli da maƙalai da boltinsu duka daga inji ɗaya, ko da sun yi tsatsa. Kafin a sa fanbel sukan jingina miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyu, su duba ko haske na ratsawa. Masu sayar da kayan gyara kuwa har yau tambaya biyu suke yi wa mai neman famfon wannan inji: gajere ko dogo, kuma ta wane gefe yake juyawa.