Ƙaddara Ba Ta Hana Tambaya

Ranar Laraba 6 ga Agusta 2025, ina ɗakin watsa shirye-shiryenmu a Adabraka labari ya iso cewa jirgi mai saukar ungulu na sojan saman Gana, samfurin Z-9, da ya tashi daga Akra zuwa Obuasi, ya ɓace. Kafin yamma aka tabbatar ya faɗi a dajin Adansi Akrofuom. Mutum takwas ke ciki, babu wanda ya tsira, har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Allah ya jiƙan musulmi, ya ba iyalan duka haƙuri.

Da muka buɗe layin waya na tambayi masu sauraro ko akwai abin da ya kamata a bincika. Wani dattijo daga Maamobi ya kira ya ce, "Ɗana, kwana ne ya ƙare. Me kake tono?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na wuce ga mai kira na gaba. Amma tun daga ranar maganar take damuna, domin rabin amsa na ba shi.

Ƙaramin jirgi a saman tuddai yana cikin hatsarin da babba bai sani ba. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, hazo kan rufe kan tudu matuƙi bai gani ba, iskar da ta haye dutse kuma takan gangaro ta ɗaya gefen ta danne jirgi. Idan matsala ta taso babu filin sauka, masu ceto suna nesa. Haka shugaban Iran Ebrahim Raisi ya rasu cikin hazo a duwatsu a watan Mayun 2024. Rahoton binciken hatsarin namu, da ya fito a Nuwamba 2025, ya ɗora sanadin a kan irin wannan iska mai dannewa. Ya kuma ce jirgin lafiyarsa ƙalau, sai dai ba shi da na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan ya kusanci tudu.

Iska ba a hannun kowa take ba. Na'ura kuwa mutum ne ke sa hannu a saye ta ko a bari. A nan nake ganin ƙaddara da alhaki suke zaune gida ɗaya ba tare da faɗa ba. Sayyidina Umar yana hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa zuwa Madina, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. "Kwana ya ƙare" magana ce ta ta'aziyya, ana faɗa wa mai kuka don zuciyarsa ta yi sanyi. Idan aka ɗauke ta aka toshe bakin mai bincike da ita, an zalunci waɗanda za su hau jirgi na gaba.

Mu da ba mu hawa jirgi ma abin ya shafe mu. Sau nawa muka shiga trotro a Circle, muka ga tayar ta suɗe, direba na gyangyaɗi, muka ce Allah ya kiyaye, muka zauna? Wanda ya yi magana sai a ce ya cika tsoro. Mun iya girmama wanda ya kai mu da wuri, ba mu iya gode wa wanda ya ce yau ba za a tafi ba.

Da Baba zai sake kira, zan ce masa: na yarda kwanansu ya ƙare, ban kuma isa in ƙara musu minti ɗaya ba. Tonon da nake yi don masu sauran kwana ne, ciki har da jikokinsa.