Gyara Ko Algus? Darasi Daga Mariƙin Tsohon Filen

Mai karatu, idan mutum ya gyara abu har ba a iya gane inda ya karye, ƙwarewa ya nuna ko yaudara ya shirya? Wannan tambaya tana tasowa a tsakanin masu farfaɗo da tsofaffin kayan kafinta a Amurka da Ingila, musamman filen, wato ƙarfen nan da kafinta ke turawa a kan katako yana fere shi har ya yi sumul.

A 1869 kamfanin Stanley na garin New Britain a Amurka ya sayi haƙƙin ƙirar Leonard Bailey, ya shiga ƙera filen na ƙarfe mai mariƙi biyu na itace: dunƙulalle a gaba, dogo mai lanƙwasa a baya. An daɗe ana sassaƙa su da wani itace mai duhu da maiƙo na ƙasar Brazil. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ga itace mai araha ana rina shi, daga baya kuma roba ta shigo. A 1992 yarjejeniyar CITES ta sa itacen na Brazil cikin jerin waɗanda aka fi tsaurara cinikinsu tsakanin ƙasashe. Shi ya sa filen da ke da mariƙinsa na asali, lafiyayye, ya fi tsada wurin masu tara kayan tarihi.

Mariƙin baya shi ya fi karyewa. Wata doguwar kusa mai zare ce ta ratsa cikinsa ta ɗaure shi da ƙarfen. Itace kuwa yana tsukewa idan ya bushe, sai ɗaurin ya saki, mariƙin ya riƙa rawa a hannu. Ran da filen ya faɗo daga tebur, sai ya rabe biyu ko ƙahonsa na sama ya ɓalle.

Mai gyara yakan kwance shi, ya wanke bakin karayar da sinadarin da ke cire maiƙo, don gam ba ya kama itace mai maiƙo sosai. Sai ya shafa gam mai ƙarfi, ya matse, ya bari ya bushe. Idan ƙahon ya ɓace, sai ya daidaita wurin, ya samo guntu daga wani karyayyen mariƙin, ya duba yadda zaren itacen ya kwanta ya haɗa su daidai, ya sassaƙa da magagari, ya goge, ya shafa mai sheƙi. A hannun gwani, ko da tabarau da wuya ka ga layin haɗin.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa ɓoye tabo ƙarya ce, don haka sukan yi faci da itace mai wani launi dabam, kowa ya gani. Wasu na cewa ai cikar gyara ke nan, abu ya koma kamar yadda maƙerinsa ya nufa.

A ganina, babu laifi a aikin da ya yi kyau. Tafin hannun kafinta ba ya neman tabo, mariƙi yake so wanda ba zai yi masa kanta ba. Laifin yana shigowa ran ciniki, lokacin da mai saye ya juya filen ya ce, "Na asali ne kuwa?" mai sayarwa ya yi shiru ko ya gyaɗa kai. Gam ɗaya ne, aiki ɗaya ne, amma wannan shirun ya mayar da gyara algus.

Wani zai ce, idan haɗin ya yi ƙarfi, me mai saye ya rasa? Ya rasa zaɓinsa. Kafinta mai neman abin aiki zai iya karɓar gyararre da murna, ya biya kuɗin da ya dace. Mai tara kayan tarihi kuwa shekarun da itacen ya yi bai karye ba yake biya. Ba mai sayarwa ne zai yanke masa abin da ya kamata ya dame shi ba. Haka abin yake ga motar da aka yi wa fenti bayan hatsari, ko wayar da aka sauya wa gilashi.

Sai dai faɗa da baki kaɗai bai isa ba. Filen da ya haura shekara 100 ya binne masu shi da yawa, kuma zai binne mai gyaran ma. Ka gaya wa mai saye na farko, to wa zai gaya wa na uku? Maganin mai sauƙi ne: a ƙasan mariƙin, inda yake zama a kan ƙarfe, a rubuta da fensir cewa an gyara, a sa shekara. Ido ba zai gani ba, hannu ba zai ji ba, amma duk wanda ya kwance kusar nan gaba zai tarar da gaskiya tana jiransa.