TAMBAYAR LISSAFI BA RASHIN KUNYA BA CE

Yau maganar tamu ta kuɗi ce, irin waɗanda muke tarawa da guminmu, ribar ƙosai da ɗan wake da ɗinkin hula, mu ƙulle a bakin zane mu miƙa wa wata ta riƙe mana. Tambayata guda ce. In kin ba mutum amanar kuɗinki, kika dawo kika ce ya nuna miki inda suka kwana, mutuncinsa kika ci ko haƙƙinki kika nema?

Na san da yawa za su ce, "Haba, ai da kunya! Matar da ta yi goyona zan ce ta kawo littafi?" To ki biyo ni a hankali. Zan fara kai ki nesa, can ƙasar Amurka, sannan mu dawo cikin ganuwa.

A watan Oktoba na shekarar 2012 wani Bature mai suna Chris Roberts ya fito ya ce zai ƙera wasan kwamfuta, dangin wanda yaranmu ke dannawa a waya, amma ƙato, na jiragen da ke yawo tsakanin taurari. Sunan wasan Star Citizen. Bai tafi banki ba, sai ya ce masu sha'awa su yi karo-karo ta intanet, in an gama kowa ya samu nasa. Dala miliyan 2 ya nema, kafin watan Nuwamba ya ƙare an tara masa fiye da miliyan 6. Aka sa ran wasa zai fito a 2014.

2014 ta zo ta wuce. Maimakon a rufe zubi, sai kamfanin nasa, Cloud Imperium Games, ya ci gaba da sayar wa mutane jiragen cikin wasan, wasunsu ma a lokacin zane ne kawai ba a ƙera su ba. A 2018 har akwai ƙunshin jirage na dala 27,000. Kuɗi suka haura miliyan 500 a 2022, suka wuce miliyan 800 a 2025, kuma shekarar ta 2025 ta ƙare ana buga wasan ne a matsayin gwaji, ba a ce ga kammalalle ba.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan. Tun farko kamfanin ya kafa allo a shafinsa yana nuna nawa suka shigo, kullum adadi na hawa, masu zubi na murna. Amma nawa suka fita, nawa suka saura? Wannan sai a Disambar 2018 aka buɗe musu, bayan shekara 6. Nan aka ga cewa a ƙarshen 2017 abin da ya rage a asusu bai fi kimanin dala miliyan 14 ba, ga ɗaruruwan ma'aikata a Amurka da Ingila da Jamus suna jiran albashi duk wata. Nan ne kuma aka sanar cewa wani attajiri, Clive Calder, shi da ɗansa sun zuba dala miliyan 46 sun karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na kamfanin. A wannan shekarar dai wani mai zubi ya kai ƙara yana neman a mayar masa da kusan dala 4,500 ɗinsa, kotu ta sallami ƙarar saboda sharuɗɗan da ya danna ya amince da su.

Ban ce mutanen nan ɓarayi ba ne, Allah ya kiyashe ni da ƙazafi. Aiki suna yi, kuma bayan 2018 sun riƙa fitar da lissafin shekara-shekara, abin a yaba ne. Amma kin ga darasi biyu a nan. Na farko, ganin kuɗi na shigowa ba shi ne sanin lafiyar asusu ba. Na biyu, nuna lissafi daban, cika alkawari daban.

To mu dawo gida. Wace ce a cikinmu ba ta san adashi ba? Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Jakara zuwa gindin Dala, da wuya ki shiga gida ki rasa mai zubi. Da shi ake haɗa wa yarinya kayan ɗaki, da shi ake yin gara, da shi ake fita kunyar biki da suna, da shi wata ke sayen keken ɗinki ko firjin ƙanƙara. Matar da ke cikin kulle ba ta da banki sai uwar adashi, kuma yarinya ake aike da kuɗin a ƙasan langa, ba rasit ba shaida. Duk abin a kan yarda ya tsaya.

A unguwarmu an yi wata uwar adashi, ba zan kama suna ba. Mace ce mai kirki, mai sallar dare, ba wanda ya taɓa kama ta da ƙwandalar wani. Wata rana ta ga kuɗi sun taru ranar kwasa da saura, sai ta ce bari ta juya su, ta aika Kantin Kwari aka saro mata atamfofi. Kaya suka shiga hannun 'yan bashi. Ranar kwasa ta zo, sai ta buɗe sabon adashi, ta ɗauki zubin sababbi ta sallami ta farko. Wata ya zagayo, ta sake buɗe wani. Mata kuwa sai yabo suke, "Kai, adashin Hajiya akwai albarka, dubi yadda ake tururuwa!" Sun ga allon shigowa, ba su ga na fita ba. Ranar da abin ya fashe, wadda ta fi shiga uku wata bazawara ce mai wankau, wadda ta yi wata goma tana zubi don auren 'yarta, kuma ita ce ta ƙarshe a layi. Saura mako uku ɗaurin aure.

Ki duba da kyau, Hajiyar nan ba ta tashi da niyyar cuta ba. Ramin da ya cinye ta tun yana ɗan ƙarami ake iya cike shi, da a ce akwai mace guda da ta ce, "Hajiya, a ƙirga mana kuɗin nan a gabanmu." Kunyar da aka ji mata ita ta ba ramin damar zurfi. Ashe ke nan shirun da muke kira girmamawa, wani lokaci shi ne babbar cutar da muke yi wa wadda muke girmamawa.

Kada kuma mu manta da MMM. A Disambar 2016 suka rufe cire kuɗi, daga baya hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa, NDIC, ta ce mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar Naira biliyan 18. Can yaudara ce tsagwaronta, ba ta yi kama da adashi ba, amma ƙofar da aka shigo ta ita ce dai wannan: kuɗin na baya ake biyan na gaba, kuma ba mai tambayar daga ina riba take fitowa.

Wata za ta ce, "Ai mu Musulmi ne, kyautata zato aka umarce mu." Gaskiya ne. Amma ki tambayi malamar Islamiyyarku wace aya ce ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani. Za ta ce miki aya ta 282 ce a Suratul Baƙara, kuma maganar bashi take yi, a rubuta shi, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Da muminai ake maganar, ba da ɓarayi ba. Ubangijin da ya halicce mu ya san muna mantuwa, muna shiga matsi, muna mutuwa mu bar magada ba su san na wa ke cikin akwati ba. In rubutu zargi ne, da ba a umarci Sahabbai da shi ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Wata tana zubi a ɓoye ne, don in maigida ya ji tana da ajiya zai rage kuɗin cefane, ko kishiya ta sa mata ido, ko dangi su yi ta aiken aro. Irin wannan za ta ce in aka buɗe littafi asirinta ya tonu. To 'yar'uwa, sirrin mai zubi abu ne guda, lissafin kuɗi wani abu ne. Ana iya ba kowace mace lamba a maimakon suna. Ba sai na san ke ce mai hannu biyu ba, amma dole na san hannu nawa ne gaba ɗaya, nawa ake kwasa, lamba ta nawa ce a kaina, kuma kuɗin jiya suna nan ko sun tafi kasuwa. A rufa asirin mutum, a buɗe asirin asusu.

Ke kuma uwar adashi, in an tambaye ki kada ki ɗaure fuska ki ce an raina ki. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Ki riga su ma, ki sa 'yarki 'yar makaranta ta rubuta a littafin 'yan aji, ki kira mata biyu su ga ƙirga ranar kwasa. Iyayenmu da ba su yi boko ba da gawayi suke jan layi a bango, kowa ya shigo ya gani. In kina son juya kuɗin, ki nemi izinin masu su, a yi magana kan riba da faɗuwa tun kafin a saro. In kuma matsala ta riga ta afku, ki faɗa tun tana dubu biyar, kada ki jira ta zama dubu ɗari biyar. Kuma ko littafinki ya fi madara fari, ranar kwasa kuɗi ake miƙawa, ba littafi ba, domin alkawari kaya ne.

Saboda haka amsata ita ce, tambayar lissafi haƙƙi ce, kuma taimako ce ga wadda aka tambaya. Ki yi ta da ladabi, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Hajiya, don Allah a nuna min layina." In ta nuna, yarda ta ƙaru. In ta hau faɗa, to kin samu amsarki, sai ki san inda dare ya yi miki.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu gama da duniya ba haƙƙin kowa a wuyanmu, amin.