Abin da Talakan Maigatari Ke Bin Hukuma Idan Aka Kulle Iyaka

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma ita ke ɗauke da sauran kwanaki shida na mako a ƙasar Gumel. Shanu da raƙuma da tumaki na gangarowa daga Damagaram ta wajen Dungas da Magarya, fatake na loda su a tireloli zuwa kudancin Najeriya, hatsi da kayan masarufi kuma na haurawa arewa. Dillali da ɗan dako da mai tuwo da ɗan acaɓa, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, a nan suke samun na cefane. Wannan hada-hada ce ta sa aka kafa yankin ciniki maras shinge a garin zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Duk da haka, tsakanin Agustan 2019 da Maris na 2024 ƙofar iyakar ta yi kusan shekara biyu a rufe. Da farko gwamnatin Buhari ta rufe ta da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, korona ta zo ta tarar da ita a haka a 2020, sai ranar 16 ga Disamba na wannan shekarar aka buɗe ta tare da Illela da Seme da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, har zuwa Maris na 2024.

Kowane karo kalma ɗaya ake faɗa wa mutanen wurin: larura. Tambayar da ta kamata mu tsaya a kanta ita ce ko larura tana goge haƙƙin mutum, ta mayar da shi wanda hukuma za ta yi yadda ta ga dama da shi har ƙura ta lafa. Ra'ayina shi ne ba ta gogewa. Larura tana ba shugaba izinin taƙaita wasu haƙƙoƙi, amma a lokaci guda tana ɗora masa bashin da bai da shi kafin ta zo: ya bayyana dalili, ya tsaya gwargwadon buƙata, ya sa wa'adi, ya kuma ɗauki nauyin wanda ya tsare. A kan wannan, dokar ƙasa da ƙasa da fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Gumel da Haɗeja maganarsu ɗaya ce, fiye da yadda masu kare kowannensu suke so su yarda.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, ta 1966, wadda Nijar ta shiga a 1986, Najeriya kuma a 1993, ba ta yi kamar ba ta san duniya ba. Sashe na 4 ya yarda cewa idan bala'i ya yi barazana ga rayuwar al'umma, gwamnati na iya jingine wasu wajibai, da sharaɗin ta ayyana dokar ta-ɓaci a fili, ta sanar da Babban Sakataren Majalisar, kada ta wuce abin da halin ya tilasta, kada kuma ta nuna bambancin launi ko addini ko harshe. Sannan ya ware wasu haƙƙoƙi da ba a taɓa su ko da sama za ta faɗo: ba a kashe mutum bisa son rai, ba a azabtar da shi, ba a bautar da shi, ba a hukunta shi da dokar da aka yi bayan ya aikata abin, ba a tilasta masa a kan imaninsa. Zirga-zirga da taro, har da taron ibada, ana iya taƙaita su don lafiyar jama'a. A 1984 masana shari'a suka taru a Sirakusa ta Italiya suka fayyace ma'aunin: matakin ya kasance yana cikin doka, yana da manufa halattacciya, babu wata hanya mafi sauƙi da za ta kai ga manufar, kuma akwai inda wanda aka cuta zai kai kuka. Dokokin Lafiya na Duniya na 2005 sun ƙara da cewa kada ƙasa ta ɗauki matakin da ya tsananta wa matafiya da fatauci fiye da wani matakin da ke hannunta wanda zai ba da kariya iri ɗaya.

Ɗalibin fiƙihu zai ji wannan kamar karatun da ya riga ya yi. Malamai sun ce larura na halatta abin da aka hana, amma ba su taɓa barin wannan ƙa'ida ta yi tafiya ita kaɗai ba; a gefenta akwai wadda ke cewa ana auna larura da gwargwadonta, da wadda ke cewa abin da aka halatta don uzuri yana faɗuwa da gushewar uzurin. Wanda yunwa za ta kashe ya ci mushe, amma iya abin da zai tsare ransa. Haka nan sun haɗu a kan cewa ko an ɗora wa mutum takobi a wuya, ba ya halatta ya kashe wani don ya tsira, domin ransa bai fi na ɗan'uwansa daraja ba. Ga haƙƙin da ba a jinginewa ke nan, ƙarni da yawa kafin 1966. Killace gari ma ba baƙon abu ba ne. Lokacin annobar Amwas a Sham, a shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya isa Sarg ya ji labari, ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya ƙalubalance shi a kan gudun ƙaddara, Umar ya amsa masa da hujja, sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita. Abin lura a ƙissar, bayan hukuncin, shi ne yadda aka kai gare shi: an yi shawara, an bar mai ja ya ja, shugaba kuma ya ga wajibi ne ya ba da amsa.

Idan aka ɗora Maigatari a wannan sikeli, ba duka matakan ne za su faɗi ba. Hana mutane tsallaka iyaka a Maris na 2020, lokacin da ba rigakafi, ba a kuma gama sanin halin cutar ba, abu ne da mai adalci zai iya karewa. Abin da ba ya karuwa shi ne rufewar da ta riga annobar da wata bakwai, ba wa'adi bayyananne, alhali Najeriya na cikin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba 'yan yankin damar shige da fice. A Nuwamban 2019 kuma hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ɗan fasa-ƙwauri, wanda dominsa aka yi dokar, ya san hanyoyin daji. Wanda ta kama shi ne mai injin niƙa da mai ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti, waɗanda ba su yi laifin komai ba sai zama a garin kakanninsu. Lokacin korona ma ba a ayyana dokar ta-ɓaci bisa sashe na 305 na tsarin mulki ba, inda majalisa za ta sa baki. An jingina ne da dokar killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka rubuta don mutanen da ba su da bakin tambaya.

Za a ce ran mutum ya fi komai, kuma ranar da gobara ta tashi ba a tsayawa karanta takarda. Gaskiya ne rai ke gaba. Gazali da Shaɗibi duk sun sa shi cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. To amma wannan hujja ta fi kama mai yin ta. A tsakiyar Afrilun 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a mako biyun farko na dokar kulle, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe a ƙasar a lokacin. A watannin nan ne gwamnonin Arewa suka riƙa cika motoci da almajirai suna mayar da su jihohinsu, Jigawa ta karɓi ɗaruruwa daga Kano, gwaji kuma ya nuna wasu na ɗauke da cutar. An kwashi yara daga garin annoba an watsa su wasu garuruwa, wato kishiyar abin da hadisin nan da ilimin likitanci suka yi umarni. Kano ta riga ta ga ƙarshen irin wannan gaggawa. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce gwajin magani ba da yardar mutum ba saɓa wa dokar duniya ne, aka kuma sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da wannan ya shuka na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Hukumar da ta taka haƙƙi a annoba ɗaya tana asarar amanar da za ta nema a annoba ta gaba.

Za a kuma ce gwamnatin matalauciyar ƙasa ba ta da abin ciyar da kowa. Wannan uzuri yana da nauyi, sai dai iyakar abin da yake nunawa shi ne kada ta kulle abin da ba za ta iya ɗaukar nauyinsa ba. Hadisi ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Idan haka ne haƙƙin dabba, me za a ce da ɗan dakon da aka hana shi kasuwar Alhamis ba a ba shi ko mudun gero ba? A shekarar yunwar Ramada Umar ya aika wa gwamnoninsa, har da Amru ɗan Asi, su turo abinci, ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da haddin sata. Larura a hannunsa ta sassauta wa talaka ne, ta tsananta wa baitulmali. Yarjejeniyar 1966 ta biyu, kan haƙƙoƙin tattalin arziki, ta amince da haƙƙin kuɓuta daga yunwa, kwamitinta kuma ya ce a 1997 ƙasashen da ke sa takunkumi suna da alhakin abin da yake yi wa marasa ƙarfi. A 2023 an yanke wa Nijar wutar lantarki, motocin abinci da magani suka maƙale a iyakoki, sojojin da ake nufi suna nan daram a Yamai. Da gwamnatinsu ta kai ƙara kotun ECOWAS a Abuja, kotun ta ƙi biya musu buƙata a Disamba saboda ba halattacciyar gwamnati ba ce. Ta fuskar shari'a hukuncin na da madogara, amma makiyayin Dungas da dillalin Maigatari ba su yi juyin mulki ba, kuma ba su cikin waɗanda aka saurara. Da ECOWAS ta janye takunkumin a Fabrairun 2024, dalilin jinƙai ta kawo, wanda tun ranar farko yana nan.

Ja mafi ƙarfi shi ne na masu cewa dokokin nan na Turawa ne, su ma ba sa bi, kuma ba su da haƙori. Rabin maganar gaskiya ne. Ƙasashe masu arziki sun tara rigakafin korona fiye da buƙatarsu Afirka tana jira, kuma a Disamban 2021 Birtaniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga saboda nau'in Omikron, alhali yana yawo a cikin Landan. Amma saɓa wa doka da mai ƙarfi ya yi bai zama lasisin da za mu cuci namu ba. Sannan dokar da ta fi tsauri a wannan babi tamu ce. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ba ta da sashen jingine haƙƙi sam, kuma a 1995 hukumarta ta faɗa wa Chadi cewa ko yaƙin basasa ba uzuri ba ne. Najeriya ta mayar da wannan yarjejeniya dokar cikin gida tun 1983, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi a 2000. Ke nan ɗan Maigatari ba ya buƙatar fita ƙasar waje. Babbar kotu a Dutse tana iya jin kukansa. Haƙorin yana nan, ba a dai saba sa shi aiki ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da ƙofar take buɗe ne ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar ƙasar Gumel a Dutse da Abuja, da masarauta, da shugabannin kasuwa, da malaman da ke hawa mumbari ranar Juma'a, su nemi a rubuta cikin doka cewa duk rufe iyaka ko kasuwa sai da dalili a rubuce, da ranar ƙarewa, da sahalewar majalisa idan za a tsawaita, da hanyar da abinci da magani da majinyata za su riƙa wucewa, da kason da aka ware wa waɗanda aka hana nema. Idan ba su yi haka ba, wata annobar ko wani juyin mulkin zai sake zuwa, a sake yanke hukunci a Abuja, mutanen Maigatari kuma su ji shi a rediyo.